Tambayi Malamin Kwamfuta: Suna cin tamanin a jarrabawa, amma layi biyar ya gagare su

Assalamu alaikum Malam. Ni malama ce a wata sakandaren 'yan mata, ina koyar da kwamfuta a SS 2. Ajujuwana biyu, kowanne ya haura ɗalibai saba'in. A jarrabawar zangon da ya wuce da yawansu sun ci tamanin zuwa sama. Sun kawo ma'anar algoridim, wato jerin matakan warware matsala, sun zana alamomin taswirar matakai ba kuskure, sun jero harsunan kwamfuta. Da muka dawo hutu na ce su rubuta mini matakan da za a bi a gano babbar lamba cikin lambobi uku, sai aji ya yi tsit. Kwamfutocinmu masu aiki ba su kai goma ba, wuta kuma sai ranar da aka ga dama. Ta yaya zan bambance wadda ta iya da wadda ta haddace?
Wata malama, daga jihar Katsina

Wa alaikumus salam Malama, sannu da ƙoƙari. Yaran nan ba su cuce ki ba, abin da takardarki ta nema shi suka ba ki. Tambayar "mene ne algoridim" tana gaya miki ko yarinya ta buɗe littafinta daren jarrabawa, iyakarta ke nan. Ba na cewa ki jefar da ita, tunda WAEC da NECO za su yi musu irinta, amma kashi ɗaya cikin biyar na makin ya ishe ta. Sauran ki ba wa aiki.

Batun wuta kuma kada ya ɗaga miki hankali a nan. Koyarwa ce take buƙatar na'ura, yarinya ta rubuta abu da hannunta ta ga ya motsa. Awo kuwa, mafi yawansa alli da takarda sun wadatar. Ni ma na fi yarda da takarda, domin a gaban kwamfuta yaro yana iya ta sauye-sauye da ka har abu ya yi aiki, alhali bai san abin da ya gyaru ba.

Gobe in kin shiga aji, ki rubuta wannan ɗan firogiram na harshen BASIC a allo, ki ce kowace ta rubuta abin da zai fito, ba shawara da maƙwabciya:

A = 5
B = 8
A = B
B = A
PRINT A, B

Za ki tarar da yawa sun rubuta 8 da 5, wai an yi musaya. Wasu za su ɗaga hannu su ce tambayar ce ba daidai ba, yaya za a yi biyar ta zama takwas, domin malamin lissafi ya koya musu cewa alamar = tana nufin ɓangarorin biyu ɗaya suke. Waɗannan kada ki yi musu faɗa, tunani suka yi, sai dai da dokar wani darasin. Amsa ita ce 8 da 8. Ni da allon makarantar allo nake yi wa nawa ɗaliban bayani: A allo ne, B allo ne, kowanne rubutu ɗaya yake ɗauka. Layi na uku cewa yake a wanke allon A a kwafo abin da ke kan B. Biyar ta bi ruwan wanki, babu ita babu labarinta. In an iso layi na huɗu, abin da za a kwafo daga A takwas ce. Daga nan sai ki tambaye su yadda za a yi musayar ta gaskiya. Wadda ta ce a kawo allo na uku a ajiye biyar tukuna, wato C = A, sannan A = B, sannan B = C, ki sa mata alama a rajistarki. Ko ba ta iya kawo ma'anar komai da Turanci ba, ta fahimci abin da ake ginin duka a kansa.

Wannan aiki na bin firogiram layi-layi da fensir ba ƙaramin abu ba ne. A 2004 wasu malaman jami'a ƙarƙashin Raymond Lister na ƙasar Ostireliya suka gwada ɗaliban da suka fara koyon firogiramin a ƙasashe bakwai, da gajerun tambayoyi na karanta firogiram da bin sawunsa. Da yawa sun yi rauni tun a nan, kafin a zo batun rubuta nasu. Suka kuma duba takardun da yaran suka yi ta zane-zane a gefe, suka ga waɗanda suka zauna suka bi lambobin a tsanake sun fi samun amsa daidai. 'Yan jami'a ke nan fa, a ƙasashen da wuta ba ta ɗaukewa. Saboda haka ki koya wa naki su ja jadawali, kowane harafi da gidansa, duk layin da aka wuce a rubuta sabon abin da ke ciki. Kuma ki riƙa karɓar jadawalin tare da amsa. Amsa kaɗai ana iya leƙowa daga benci na gaba, jadawali kuwa yana nuna miki daidai inda ƙafa ta zame.

In sun saba da wannan sai ki shigo da maimaici, inda K za ta riƙa zama 1, 2, 3, 4 bi da bi:

JIMLA = 0
FOR K = 1 TO 4
JIMLA = JIMLA + K
NEXT K
PRINT JIMLA

Goma za ta fito. Wannan ba wuya, har mai hasashe tana iya dacewa. Tambaya ta biyu ce mai raba gardama: in aka ɗauke layin farko aka sa shi a ƙarƙashin FOR, me zai fito? Huɗu, domin kowane zagaye sai an share jimlar an faro daga sifiri, abin da ya rage shi ne na zagayen ƙarshe. Layukan ba su ƙaru ba, ba su ragu ba, wuri kawai aka sauya. Wadda ta haddace firogiram ɗin tara lambobi daga littafi za ta sake rubuta goma da ƙwarin gwiwa.

Tsakanin karantawa da rubutawa akwai wani mataki da muke yawan tsallakewa, kuma ina zargin shi ne ya sa ajinki ya yi tsit. Farar takarda tana firgita mai koyo. Wasu malamai biyu a New Zealand, Dale Parsons da Patricia Haden, sun fito da wata dabara a 2006: a rubuta firogiram mai aiki, a yanyanka layukansa, a cakuɗa, a ce ɗalibi ya jera su daidai. Almakashi da ambulan kawai kike buƙata. Ki yi wa tambayarki ta babbar lamba haka, ki saka layi ɗaya ko biyu na bogi a ciki, irin wanda alamar "ya fi" ta juya baya. Ga aji mai mutum saba'in wannan rahama ce, domin duba shi ba ya cin lokaci, kuma yarinyar da rubutun Turanci yake ba ta wahala ba za ta faɗi saboda harafi ba.

A ɓangaren manɗiƙi, wato tunanin "idan kaza to kaza", ki ɗauko abin da ya shafe su kai tsaye. Babu ɗalibar SS 2 da ba ta san A1 da F9 ba. Ki ba su wannan, na taƙaita shi zuwa matakai huɗu, ki ce akwai ɓaraka a ciki su nemo:

Idan maki ya kai 40, rubuta E8
In ba haka ba, idan ya kai 50, rubuta C6
In ba haka ba, idan ya kai 75, rubuta A1
In ba haka ba, rubuta F9

Kowane layi in kin dube shi shi kaɗai gaskiya ne. Amma yarinyar da ta ci 91 za ta tashi da E8, domin tun a ƙofar farko aka tare ta, 91 ai ya kai 40. Sai an faro daga sama, 75 tukuna. In sun gyara, ki ƙara musu da wannan: waɗanne makuna za ki gwada ki tabbatar gyaran ya yi? Mai cewa 60 da 80 ba ta yi laifi ba. Mai cewa 39 da 40, 49 da 50, 74 da 75, ita ce ta gane cewa kuskure a bakin iyaka yake ɓuya. Haka nan sharaɗin shiga jami'a a fannin kimiyya, kiredit biyar har da Turanci da lissafi. Ki rubuta shi da AND (wato "da"), sannan ki mayar da AND ɗaya ta koma OR (wato "ko"), ki ba su sakamakon ɗalibai huɗu na ƙirƙira, ki ce wa ya samu shiga yanzu wanda da bai samu ba. Wannan ya fi a ce su zana jadawalin gaskiya na AND daga ka, wanda layi huɗu ne, ana haddace shi kafin a gama karin kumallo.

Sai a ƙarshe su rubuta nasu. Akwai wata tsohuwar tambaya da Elliot Soloway ya yi amfani da ita a Jami'ar Yale ta Amurka a shekarun 1980, har yau masu bincike suna gwada ɗalibai da ita, kuma ta dace da mu kamar don mu aka yi ta. Ana shigar da yawan ruwan saman da aka samu kowace rana, ɗaya bayan ɗaya. In aka shigar da 99999 an gama ke nan. Lambar da ta gaza sifiri kuskure ce, a yi watsi da ita. A fitar da matsakaicin ruwan. Ki ce musu na watan Agusta ne a garinsu. Da jin ta kamar wasa, amma tarkunanta da yawa. Wata za ta tara har da 99999 ɗin a cikin jimla. Wata za ta watsar da lambar kuskure daga jimla amma ta ƙirga ranar. Wata za ta zubar da ranar da ba a yi ruwa ba, alhali sifiri ma awo ne. Kaɗan ne za su tuna cewa in 99999 ce ta fara shigowa, babu rana ko ɗaya, kuma ba a raba lamba da sifiri.

Yadda za ki ba da maki a nan shi ne rabin aikin. Kada ki yi "ya yi aiki, goma; bai yi ba, sifiri". Ki raba: biyu ga wadda ta faro jimla da ƙirga daga sifiri, uku ga maimaicin da ya san inda zai tsaya, biyu ga tace lambar kuskure, biyu ga raba jimlar bayan an fita daga maimaici, ɗaya ga wadda ta tuna da ranar babu. Waƙafi da ya ɓace ko PRINT da aka rubuta ba daidai ba, a takarda ni ba na cire komai a kansu. Kwamfuta za ta nuna mata wannan cikin daƙiƙa ɗaya ranar da ta zauna gabanta. Tunanin da ya karkace kuwa kwamfuta ba za ta ce uffan ba, amsar banza za ta miƙo mata.

Kwamfutocinki da ba su kai goma ba, ki ajiye su don makin aikin aji. Duk ranar da wuta ta samu ki kira rukuni ɗaya, kowace ta shigar da abin da ta rubuta a takarda, amma kafin ta danna ta faɗa miki abin da take tsammanin zai fito. Minti biyu-biyu ya isa. Kuma ki bar su su yi bayanin da Hausa. In yarinya ta ce miki "nan yana ta zagayawa ne har sai ya ci karo da lambar tsayawa, shi ya sa na fitar da rabawar waje", ta gama amsa tambayar. Turancinta aikin wani malamin ne, kuma yana da nasa makin.

Na san wani zai rubuto ya ce Malam har yanzu BASIC, harshen da John Kemeny da Thomas Kurtz suka ƙirƙira tun 1964? Eh, ya tsufa, kuma in da zaɓi ne Python zan koyar, wanda har a wayar Android ana gudanar da shi. Amma duk tambayoyin da na kawo a sama ki juya su zuwa Python, waɗanda suka faɗi su ne dai za su sake faɗuwa.

*

Malam barka da aiki. Ni ɗan kasuwa ne, atamfa da shadda nake sayarwa, bokona bai yi nisa ba. Lokacin dogon hutu na biya wa yarona ɗan SS 1 kuɗin koyon kodin, wato rubuta firogiram ɗin kwamfuta, a wata cibiya. An ba shi satifiket, yana nuna mini wasanni da shafuka a kwamfutarsa ya ce shi ya yi. Amma ƙanwarsa ta ce ChatGPT ne yake yi masa. Yanzu cibiyar ta ce a biya kuɗin mataki na biyu. Yaya zan gane ko ya koyi wani abu?
Wani mahaifi, daga Kano

Alhaji, Allah ya ƙara buɗi, ya kuma yi wa yaran albarka. Satifiket ɗin shaida ce cewa ya halarta kuma ka biya. Abin da yake nuna maka a kwamfuta ma ba hujja ba ne, ko ƙanwarsa ta faɗi gaskiya ko tsokana ce irin ta 'yan uwa. Tun da ChatGPT ya fito a ƙarshen 2022, ƙaramin firogiram irin na ɗan koyo ba ya ɗaukar sa minti ɗaya. Mu malamai ma dole ta sa muka rage nauyin makin da muke ɗora wa aikin gida.

Amma kana iya gwada shi da kanka, ba sai ka san kwamfuta ba. Bayan sallar isha ka ce ya ajiye waya. Ka riƙe wata lamba a ranka tsakanin 1 da 100, ya yi ta canka, kai kuma amsarka "sama" ko "ƙasa" kawai. Ka lura da inda zai fara. In ya fara da 50, ka ce sama, ya ce 75, to yana raba abin da ya rage biyu ne kowane karo, kuma hanyar ke nan. Sai ka tambaye shi: in sa'a ta ƙi ka gaba ɗaya, sau nawa za ka canka kafin ka kama ni? Bakwai ne, ba ya wuce haka. To in tsakanin 1 da 1000 ne fa? In ya ce saba'in, lissafin kasuwa ya yi maka, ya ninka da goma. Amsa goma ce, domin kowace tambaya ɗaya da aka ƙara tana ninka yawan lambobin da za a iya kamawa. Ko bai faɗi goma nan take ba, in ya ɗauki biro ya fara raba dubu biyu, ɗari biyar, ɗari biyu da hamsin, yana ƙirgawa, kuɗinka bai faɗi ƙasa banza ba.

Na biyu, ka ba shi aikin shagonka. Ka ce kana son abin da za ka shigar da yawan turmi da kuɗin kowane turmi ya ba ka jimla, wanda ya sayi turmi goma zuwa sama a yi masa ragi. Ka zauna kusa da shi, a kashe data. In ya gama kada ka yaba tukuna, ka sauya magana kamar yadda ciniki yake sauyawa: yanzu ragin daga turmi ashirin ne, kuma tsohon abokin ciniki yana da nasa ragin daban. Wanda ya rubuta da kansa ya san layin da zai taɓa, zai kai hannu kai tsaye. Wanda aka yi wa zai yi ta hawa da sauka yana kallon allo. Ka kuma jefa masa tambayar mai turmi goma cif, yana cikin masu ragi ko ba ya ciki, ya nuna maka inda aka rubuta hakan.

In ya kasa, ban ce ka hana shi ci gaba ba, kuma ban ce ka kunyata shi gaban ƙannensa ba. Makonni shida ko takwas ba sa mayar da kowa gwani. Amma kafin ka biya mataki na biyu, ka je cibiyar da kanka ka tambayi yadda suke gwada yara kafin su ba da satifiket: a gabansu ake rubutawa, ko daga gida ake kawowa? Amfani da ChatGPT ba laifi ba ne, masu wannan sana'a da kansu suna amfani da shi. Sai dai su in ya yi musu kuskure suna ganewa, kuma wannan ganewar ita ce ka biya a koya masa.

*

Malam ina wuni. Ina SS 1, ina son lissafi da kwamfuta, kuma a ajinmu ni nake zuwa ta ɗaya. Akwai gasar da zan shiga in gwada kaina da 'yan wasu makarantu?
Wata ɗaliba, daga Zariya

Lafiya lau 'yata, Allah ya ƙara basira. Ki fara da Bebras. Farfesa Valentina Dagiene ce ta kafa ta a ƙasar Lituweniya a 2004, yanzu ƙasashe da dama suna yi. Gajerun tambayoyi ne na wasa ƙwaƙwalwa masu hotuna, ba a buƙatar sanin kowane harshen kwamfuta, kuma an raba su gwargwadon shekaru. Tsofaffin tambayoyinta suna nan a intanet kyauta tare da bayanin amsoshi. Ki sa wa kanki agogo, ki yi su ke kaɗai, sannan ki karanta bayanin har na waɗanda kika ci, domin sau da yawa akwai gajeriyar hanyar da ba ki bi ba. Masu karatunmu na Maraɗi da Damagaram da suka fi sakewa da Faransanci, irin wannan gasa a Faransa sunanta Castor Informatique, su ma tsofaffin tambayoyinsu a buɗe suke.

Babbar kuwa ita ce IOI, gasar duniya ta rubuta firogiram ta 'yan sakandare, wadda aka fara a Bulgeriya a 1989. Kowace ƙasa ɗalibai huɗu take turawa, ana zama kwana biyu, kowace rana awa biyar a kan tambayoyi uku, da harshen C++. A can ba mutum ne yake duba aikin ba. Na'ura ce take jefa wa firogiram ɗinki bayanai iri-iri, har da masu yawan gaske, in ya ba da amsa daidai amma ya wuce lokacin da aka yanka, ba maki. A Najeriya Cibiyar Lissafi ta Ƙasa da ke Abuja ce take shirya gasannin olimfiyad na lissafi da kimiyya na 'yan sakandare, ta hannun makarantu. Ki sami malamin lissafinku ko shugabar makaranta ki roƙa su bincika lokacin rajistar bana, ki kuma nemi ƙawaye biyu ko uku ku riƙa zama kan tambayoyin tare duk ranar Asabar.